Yaron Peru Da Ruwan Gashuwa

Bakin kogi ne a Gashuwa, cikin watan Maris, rana ta take. Ruwa ya ja baya ya bar taɓo. Modu Babarbare yana ɗinkin komarsa, Jauro Bafillatani ya dogara da sanda yana jiran shanu su ƙoshi. Sai ga Ɗan Boko da kwalabe a jaka, ya tsuguna ya cika ɗaya ya toshe.

Modu: Yaro, in ƙishirwa ce ga randa can. Wannan ruwan bawana ya gama da shi, tun safe shanunsa ke ciki.

Jauro: Aradu ka ji Babarbare! Kai da kakana ya saya da ƙwaryar nono, aka ba shi canji?

Ɗan Boko: Ba sha zan yi ba, Baba, awo za a yi. So muke tun yanzu mu san yadda ruwan nan zai kasance a watan Agusta.

Jauro: Ashe boka ne. To ina ƙasar duban?

Ɗan Boko: Hasashe ne, Baffa. Kowace shekara kafin damina hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan faɗi lokacin saukar ruwa, da yawansa, da lokacin ɗaukewarsa. Cikin abin da suke dubawa har da zafin tekun Fasifik. In ya ɗumama fiye da yadda ya saba, shi ne El Nino.

Modu: Alhaji Nino? Mutumin ina ne?

Ɗan Boko: Ba mutum ba ne. Masuntan ƙasar Peru suka raɗa sunan. Da Sifaniyanci ma'anarsa yaro, suna nufin Annabi Isa yana jariri, don wajen Kirsimeti ruwan ɗumin yake zuwa musu, kifi ya gudu.

Modu: Allah sarki, 'yan uwana masunta. Su ma suna da Fulani a can?

Ɗan Boko: In ya zo, sau da yawa damina kan yi mana rowa a nan. Ya zo a 1972, ya dawo da ƙarfi a 1982, kuma kun san farin 1973 da na 1984.

Jauro: Kar ka tuna mini. Shekarar da na koma kiwon awaki kamar bawan nan. Wai zafin nan har nawa ne? Tafasa tekun yake?

Ɗan Boko: Rabin digiri ma ya isa a fara lissafi.

Jauro: Rabin digiri ya hana ruwa! Kai da ka yi digiri cikakke a jami'a, ko yayyafi ka taɓa saukarwa?

Modu ya yi dariya har allura ta faɗi cikin yashi.

Modu: To mun ji ba ruwa. Me ya haɗa shi da kwalbarka?

Ɗan Boko: Kogin nan daga ina yake, Baba? Ruwan Haɗejiya ne da na Jama'are suka haɗu a sama da garin nan. Na Haɗejiya kuwa daga Kano ya taso, ya ratsa wajen masana'antun jima na Challawa. Ga dam ɗin Tiga tun 1974, ga na Challawa tun 1992, suna riƙe ruwa. Dattin da ake zubawa bai san fari ba, kullum yawansa ɗaya. In ruwan ya ragu...

Modu: Tsaya, na gane. Miya ce. Gishiri ɗaya, in ruwa ya ƙone sai ta yi zartsi.

Jauro: Wato Bakano ne ke wanke fata mu muna shan romo?

Modu: Yau dai bawana ya faɗi gaskiya. Miƙo hannu.

Ɗan Boko: Ku bi a hankali. Kafin ya iso nan ya bi fadamun Haɗejiya da Nguru, sun tace da yawa. Abin da ke kusa ya fi yawa: taki, maganin feshi, bahaya a bakin ruwa, kashin dabbobi.

Modu ya janye hannunsa ya kalli shanu.

Jauro: To a roƙi Allah tekun ya huce, magana ta ƙare.

Ɗan Boko: In ya huce da yawa kuma La Nina ce, wato yarinya. Ita ruwa take kawowa, kamar 2022. Ambaliya ta kwaso masai da juji ta zuba a kogi da rijiyoyi, ruwa ya yi ja, amai da gudawa su biyo baya.

Jauro: Yaro ya zo, masifa. Yarinya ta zo, masifa. Yaran nan ba su da uba ne a kai masa ƙara?

Ɗan Boko: Amfanin shi ne shiri. In an hango ruwa mai yawa, masu tace ruwan famfo su tanadi alif da kulorin tun da wuri, asibiti ya ajiye ruwan gishiri da sukari. In fari aka hango, a san yadda za a riƙa sakin ruwan dam.

Modu: Kuma ba ya kuskure?

Ɗan Boko: Yana yi. Tekun Atlantika ma yana da ta cewa, wani lokacin ya rushe lissafin.

Jauro: Ni shamuwa nake jira, in ta sauka gawo ya fara zubar da ganye, na san damina ta zo. Ba ta taɓa tambayar mutanen Peru ba.

Ɗan Boko ya juya zai ɗauki jaka, sai ya ga kwalba a bakin Jauro, ta kusa rabi.

Ɗan Boko: Baffa! Ruwan awon ne fa! Sai na kai shi ɗakin gwaji, sati biyu kafin sakamako!

Jauro ya tauna baki, ya ɗaga kai sama, ya sake kurɓa.

Jauro: Rubuta. Ba Bakano a ciki, ba Alhaji Nino. Wannan jar saniyar can ce, mai karyayyen ƙaho. Jiya ta shiga gonar albasar Modu.

Modu: Gonar wa?!