Ƙannena, Ranar Intabiyu Ba Ranar Kawaici Ba Ce

Assalamu alaikum ƙannena masu neman aiki, maza da mata.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunku: "Ai an riga an raba guraben, kiranmu kawai aka yi don a cika sharaɗi." Ba zan ce muku babu alfarma a ƙasar nan ba, duk wanda ya ce haka bai san Najeriya ba. Amma maganar nan ta kashe wa da yawanku zuciya, har ta kai yaro ya samu kira ya tafi haka nan ziƙau, bai ma bincika me kamfanin yake sayarwa ba, in an ƙi ɗaukarsa ya dawo yana cewa dama shi ba shi da kowa a sama. Mai kamfanin shinkafa, da mai makarantar kuɗi, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri da Damaturu da Yola, duk mutum suke nema wanda zai sauke musu nauyi. Wanda ya zuba dukiyarsa ba ya son ɗaukar mai jawo masa asara, ko ɗan waye.

Babban abin da na ga yana kayar da yaranmu shi ne tarbiyyar da muke alfahari da ita, idan aka kai ta inda ba muhallinta ba. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya, da rage murya, da ƙin yabon kai. Madalla. To sai a ce wa saurayi, "Faɗa mana abin da ka iya," ya ƙura wa takalminsa ido ya ce, "To, muna dai ɗan taɓawa." Mutanen da ke gabanka ba surukanka ba ne. Ba su san ka ba, kuma minti goma sha biyar ko ashirin kawai suke da shi kafin su kira na bayanka. Abin da ba ka faɗa ba, a wurinsu babu shi.

Wanda ke ganin faɗin ƙwarewa girman kai ne ya koma Suratu Yusuf, aya ta 55. Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili: shi mai tsarewa ne, masani. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki saboda ƙarfi da amana, bayan ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi. Iyawa da amana ke nan, kuma har gobe su ake lalube a bayan kowace tambaya.

Na taɓa zama cikin masu tantance waɗanda za a ɗauka aikin kula da sito a wani kamfani a Kano. Yawancin waɗanda suka shigo jimla ɗaya suka haddace, cewa su masu ƙwazo ne, masu jure wahala. Sai ga wani yaro mai difloma, rigarsa a goge, Turancin nasa ma yana ɗingishi. Aka tambaye shi me zai yi idan lissafin littafi bai zo daidai da kayan da ke ƙasa ba. Ya ce ya riƙe wa kawunsa littafin shago a kasuwar Singa, kuma an taɓa samun giɓin katan shida na taliya. Bai tuhumi kowa ba, ya ɗauko rasit na mako guda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya gano an fitar wa wani abokin ciniki kaya bashi ba a rubuta ba. Daga ranar ya kafa doka, katan ba ya fita sai da takarda. Manajan ya ajiye biro, ya gyara zama, tambaya ta koma hira. Shi aka ɗauka, aka bar masu digiri. Ku nemo irin wannan labari a rayuwarku tun kafin ranar: ajin da kika riƙe lokacin bautar ƙasa, kuɗin ƙungiyar unguwa da ka adana, shagon POS da ka tsare. Amma kada ku ƙara gishiri. In an tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo amsar. Ƙaryar iya kwamfuta ba ta daɗewa, domin sau da yawa a nan take za a turo maka ita a ce bismilla.

Batun takardu kuwa, abin haushi ne a ce shi ya hana mutum aiki. Sunanka a sakamakon WAEC Muhammad, a katin NIN Mohammed, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Ku gyara wannan tun yanzu, ku yi takardar rantsuwa a kotu inda ake buƙata. Ku riƙe na asali da kwafi a fayil guda, har da shaidar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da ta ƙaramar hukuma idan aikin gwamnati ne. Masu neman koyarwa su haɗa da rajistar TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, su kuma shirya darasi ɗaya, don ana iya miƙa musu alli a ce ga allo.

Idan ta Zoom za a yi, kada ka dogara da wutar NEPA. Ka cika waya da caji, ka sayi data isasshe, ka gwada murya tun da safe, ka roƙi mutanen gida su janye yara. Kuma kada ka raina Hausarka. Ƙungiyar da ke shiga ƙauyuka tana matuƙar buƙatar mai jin Hausa, balle in ka haɗa da Barbarci ko Fulatanci. Ka rubuta su a CV, ka kuma ambace su da bakinka.

In an zo maganar albashi, ku daina cewa "duk abin da kuka bayar." Mafi ƙarancin albashi a doka tun 2024 naira 70,000 ne. Ka tambayi masu irin aikin nawa ake biyansu, ka lissafa kuɗin motarka na wata, ka faɗi adadi cikin ladabi. Wanda kuma ya kira ka a waya ya ce ka turo kuɗin fom ko na "riƙe gurbi" kafin ranar intabiyu, ɗan damfara ne. Ka kashe wayarka, ka kuma gargaɗi abokanka da lambar tasa.