Tirupati: an bar jaki ana dukan taiki

Tun da na ji hukumar da ke kula da haikalin Tirumala a jihar Andhra Pradesh ta Indiya tana tallar sabuwar cibiyarta ta kyamarori da ƙirƙirarriyar basira, wai yanzu na'ura ce za ta riƙa ƙirga masu ziyara tana hasashen inda cunkoso zai ɓarke, raina yake ɓace. Har yanzu dai ana so a nuna mana cewa abin da ya jawo turmutsitsin da ya kashe mutum shida a garin Tirupati daren 8 ga Janairun 2025 rashin sanin adadin jama'a ne. Haba! Ai su suka ce za su raba katin shiga haikalin kyauta guda 120,000 na kwana ukun farko na bikin Vaikuntha, su suka sa lokacin rabon da asubar washegari, kuma sun fi kowa sanin mutumin da ya taso daga ƙauye da tsohuwarsa da 'ya'yansa ba zai je ya kama otal ya kwanta ba, a bakin ƙofa zai kwana.

Wanda ya san yadda ziyarar wurin nan take ba zai yi mamaki ba. Garin Tirupati yana ƙasa, haikalin Venkateswara, abin bautar mabiya addinin Hindu, yana can Tirumala a saman duwatsu, masu hali su hau bas ko mota, masu bakance su taka ta hanyar Alipiri, matakala wajen 3,550 ƙafa ba takalmi. In an isa da yawa sai aski, maza da mata har jarirai ana yi musu ƙwal, gashin ma hukuma tattarawa take ta yi gwanjonsa. Daga nan sai layi. Layin kyauta ɗakuna ne manya masu ƙarafuna, a zuba mutane a rufe, a buɗe wannan a tura su na gaba, ranar da aka cika mutum sai ya yi awa goma sha wani abu, wani lokacin ya kusa kwana ya wuni, duk don ya tsaya gaban abin bautarsa na 'yan daƙiƙoƙi ma'aikaci ya ce masa gaba. Ana ba su abinci da madara kyauta a ciki, wannan kam a yaba musu. Kullum mutum dubu 60 zuwa 80 ke wucewa ta nan.

To amma layin ba ɗaya ba ne, nan ne maganar take. Akwai na rufi 300, kuɗin Indiya, ya fi sauri. Akwai na wanda zai ba SRIVANI, asusun hukumar na gina wuraren bauta, gudummawar rufi 10,000 ya ƙara 500 na tikiti, shi wannan an mai da shi babban baƙo kenan. Sai kuma masu zuwa da takardar ɗan majalisa ko minista ko ɗan kwamitin amintattu, ga taurarin fim ga manyan 'yan kasuwa. Ƙofar shiga ɗakin abin bautar guda ce kuma ƙunci gare ta, duk awar da aka ware wa manya da safe daga cikin lokacin talaka aka yanko ta, yana can a kulle cikin ɗakin ƙarfe yana jiran a gama da masu takarda. Wace kyamara ce za ta gyara wannan? Iyakarta ta nuna maka a allo yawan mutanen da ka tsare.

Kuma kada wani ya ce rashin kuɗi ne. Akwatin sadakar haikalin kaɗai yana tara sama da rufi biliyan 10 a shekara, kasafin hukumar ya haura biliyan 50, gwamnatin jiha ce ke naɗa shugabanninta. Akasarin kuɗin nan daga hannun wa ya fito in ba manomi da mai tuƙa a-daidaita da 'yar aikin gida da ta yi shekara tana ƙulle canji a bakin zani ba? Ita ce ta cika akwatin, ita ce kuma aka tara a wani fili a unguwar Bairagipatteda ta Tirupati tun rana, da aka buɗe ƙofa don fitar da wata mata da jikinta ya rikice jama'a suka ɗauka rabo aka fara, suka danno. Babban ministan jiha Chandrababu Naidu ya zo ya dakatar da wasu jami'ai, ya yi alkawarin rufi miliyan 2.5 ga iyalan kowane mamaci. Mataimakinsa Pawan Kalyan ya nemi gafara, har ya soki yadda ake fifita manya. Da bakinsu suka faɗa, amma layin manyan yana nan daram.

Sati uku kacal bayan haka sai ga turmutsitsin Prayagraj ta jihar Uttar Pradesh a taron ibadar Hindu na Kumbh Mela, 29 ga Janairu, gwamnati ta ce mutum 30 suka mutu, binciken 'yan jarida ya nuna sun fi haka nesa ba kusa ba. Me gwamnatin Uttar Pradesh ta yi nan take? Soke katin manyan baƙi. To in katin nan ba ya cikin abin da ya jawo, don me aka soke shi bayan an gama kwashe gawa? An sani wallahi, tun kafin a mutu an sani.

Masu kare tsarin suna cewa da kuɗin tikitin masu hali ake gina ƙananan wuraren bauta a ƙauyuka ana ciyar da mabukata, kamar dai attajirin ba zai iya ba da sadakarsa ba sai an sayar masa da gurbin wani. Su kuma 'yan uwanmu da ke shiga ƙarƙashin irin wannan labari a Facebook suna sa alamar dariya suna cewa me ya dame mu da masu bautar gumaka, kunya ya kamata su ji. Ni ban yarda da abin da ake bauta wa a Tirumala ba ko kaɗan, amma tsohuwar da aka tattake rai gare ta, kuma mu ne mutanen ƙarshe da ya kamata mu yi wa turmutsitsi dariya. A Mina a 2015 ɗaruruwan alhazan Najeriya da na Nijar da dama suka rasu, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, kuma abin da ministan lafiyar Saudiyya ya fara faɗa shi ne alhazai ba su bi umarni ba. Ya yi mana zafi ko bai yi ba? Irin wannan magana ake faɗa wa talakan Indiya yau, ba su da haƙuri, ba su iya bin layi ba, alhali shi mai faɗar ko minti goma bai taɓa yi a cikin layin ba.

Abin da ya kamata ba wani ɓoyayye ba ne. A ranakun manyan bukukuwa a rufe ƙofar alfarma gaba ɗaya, a bar sassauci ga tsofaffi da naƙasassu da masu goyo kaɗai, takardar ɗan majalisa ta daina zama tikiti, katin kyauta kuma a raba shi a garuruwan mutane tun kafin su baro gida. Minista in yana son ziyara ya cire takalmi ya shiga ɗakin ƙarfen nan a rufe da shi, mu ga ko za a yi wata guda ba a gyara layin ba.