Wane Ya Haifi Wane: Surar da Muke Tsallakewa

'Yan'uwa a cikin Kristi, salama gare ku.

Ranar Lahadin da ta wuce, a sujadar Hausa a cocinmu da ke Sabon Tasha, an ba wani matashi karatun Matta sura 1. Yana isa kan "wane ya haifi wane" sai murya ta fara yin ƙasa, yana ta tuntuɓe da sunaye, jama'a kuma kowa ya ƙosa a kai aya ta 18 inda labarin haihuwar Yesu ya fara. Ni ma shekaru na yi ina tsallake ayoyi 17 ɗin nan. Da na koma gida na zauna da su, sai da jikina ya yi sanyi.

Matta ya kasa zuriyar kashi uku, kowanne tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga Babila zuwa Almasihu. Ku tsaya a aya ta 9 da ta 10 kawai. Sarakuna bakwai ne a ciki, amma ku dubi biyar na ƙarshe a jere, uba da ɗa da jika, gida ɗaya, jini ɗaya.

Ahaz ya ƙona ɗansa hadaya ga gumaka, ya kulle ƙofofin Haikali. Ɗansa Hezekiya yana hawa gadon sarauta, a watan farko ya buɗe ƙofofin nan ya gyara su. Sai ka ce to, gidan ya shiryu ke nan. Ina! Manassa ɗan Hezekiya, wanda ya tashi a gidan addu'a, shi ne ya gina bagadan gumaka a cikin Haikalin da ubansa ya tsarkake. Shekara 55 yana mulki, babu sarkin Yahuza da ya kai shi daɗewa. Sai da Assuriyawa suka ɗaure shi da sarƙa suka kai shi Babila, sannan ya ƙasƙantar da kansa, Allah kuwa ya ji shi ya maido shi Urushalima. Ɗansa Amon ya ga muguntar uban, ya ga tubansa, ya ɗauki muguntar ya bar tuban. Shekara 2 kacal, fadawansa suka kashe shi a cikin gidansa. Daga wannan gida ne Yosiya ya fito, maraya ɗan shekara 8, wanda tun yana saurayi ya fara neman Allah, ranar da aka karanta masa Littafin Shari'a kuma ya yayyage tufafinsa don baƙin ciki.

Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A kan sha'anin bangaskiya, wannan jerin ya nuna mana ɗan barewa yana rarrafe, ya kuma nuna mana albasar da ba ta yi halin ruwa ba.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne yadda muke tinƙaho da asali a garin nan. Wani zai ce kakansa ne mai bishara na farko a ƙauyensu a kudancin Kaduna. Wani ya ce su tun daga Wusasa suka gaji coci, tun zamanin da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Madalla, abin godiya ne, kada kowa ya raina shi. Amma kai da kake faɗa, yaushe rabonka da buɗe Littafin? Kakanka ya taka a ƙasa ƙauye zuwa ƙauye yana wa'azi, kai ko addu'ar safe da iyalinka ta gagare ka. Yahaya Mai Baftisma ya gaya wa masu taƙama da Ibrahim cewa Allah na iya tayar wa Ibrahim 'ya'ya daga duwatsu.

Ɗaya gefen ya fi yi mini ciwo. Na san wata yarinya mai tsoron Allah, tana cikin mawaƙa, kowa na yabon halinta, amma da aka je binciken aure dangin saurayin suka ce ba su yarda da gidansu ba, wai an haifi uwarta ba a gidan aure ba. Dattawan coci ne fa suka yanke wannan. Da su aka ba aikin tace zuriyar Ubangijinmu, da wa za su bari? Tamar ta haifi Feresa ta wurin surukinta Yahuza. Rahab karuwa ce a Yariko. Rut 'yar Mowab ce, baƙuwa, gwauruwa mai kala a gonar mutane. Uwar Sulemanu kuwa, Matta bai ma kira sunanta ba, ya ce matar Uriya, don kada a manta da abin da Dawuda ya yi. Ruhu Mai Tsarki bai ɓoye ko ɗaya ba, ya jera su a shafin farko na Sabon Alkawari. Bincike kafin aure yana da kyau, a yi shi. Amma a binciki halin yarinyar da bangaskiyarta. Ezekiyel sura 18 ta faɗa a fili cewa ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba.

Iyaye mata, ku kuma ga naku. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama a kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, waɗanda suka sa ya san Nassi tun yana yaro. Uban Timoti Bahelene ne, amma wannan bai hana su ba.

Daren jiya na tara yarana muka karanta sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, har da masu wuyar faɗa. Ƙaramar ta tambaye ni wa ya fara bin Yesu a gidanmu. Na faɗa mata sunan kakata, amma yadda abin ya faru ban iya ba ta ba. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan kai su Narayi wurin gwaggona ta ba mu labarin da bakinta, tun tana da ƙarfin yin magana.