Na je Tailan koyon dambe, na dawo ina tunanin Kawu

Tun da na dawo Sakkwato tambaya ɗaya ake yi mini a majalisa: "To yanzu za ka iya kashe ɗan damben gargajiya?" Ba zan iya ba. Wata ɗaya na yi a sansanin horo a Fuket, kudancin Tailan, kuma wata ɗaya ba ya mai da mutum ɗan dambe. Duk wanda ya yi mako biyu a waje ya dawo yana raina masu ɗaura kara, bai taɓa tsayawa gaban ɗayansu ba.

Shekara uku na yi ina tara kuɗin tafiyar, ƙarshe sai da babur ɗina ya shiga ciki. Damben nasu, Muay Thai, da gaɓoɓi takwas ake yin sa: dunƙule biyu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, ƙwauri biyu. Sau biyu ake horo a rana, kwana shida a mako. Ina idar da sallar asuba sai gudu, a dawo a yi tsallen igiya, a daki buhu, sannan malami ya riƙe maka matashin fata ka yi ta duka minti uku-uku har numfashi ya ƙare. Da la'asar a sake, a ƙara da riƙon wuya, wanda ya fi kama da kokawa. Na ɗauka mutumin da ya saba da zafin watan Afrilu a Sakkwato ba zai ji komai ba. Ashe namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, gumi ba ya bushewa a jiki. A kwana na huɗu ƙwaurina ya kumbura har ba na iya durƙusawa a sallah sai a zaune.

A nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Malamin ya duba ƙafar, ya latsa da babban yatsa, ya sa ƙanƙara, ya shafa man zafi, ya ce kwana uku ba shuri, hannu kaɗai. Na ce zan iya jurewa. Ya girgiza kai, ya nuna mini benci. Ba wanda ya kira ni rago. Kafin a haɗa ka da wani ko a gwaji, sai an duba nauyinku, an sa muku robar baki da abin kare ƙwauri.

Ina zaune a bencin nan Kawu ya faɗo mini a rai. Mahauci ne, ya yi dambe a ƙuruciyarsa, ya zaga garuruwa bayan kaka, kalangu na tashi ana yi masa kirari. Yau yatsun hannunsa na dama ba sa haɗuwa, da ƙyar yake riƙe wuƙa. Ya karye ya ɗaure da zare ya koma fili, domin in bai shiga ba, ba kuɗi, kuma a ce ya ji tsoro. Da na nuna masa bidiyon horon a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, waɗannan ana kula da su." Bai yabi yadda suke duka ba ko sau ɗaya.

Ni ma abin da na gani ke nan. Ba su fi mu zuciya ba, ba su fi mu ƙarfi ba. Sun gina wa abinsu gida ne. Filin Rajadamnern a Bankok tun 1945 yake, Lumpinee tun 1956, ga alƙalai, ga sikeli, ga likita a gefe. Mu ma ba sai mun ƙetare teku za mu ga misali ba: tsallaka Illela kawai, Nijar na yin gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, zakara ya ɗauki takobi, ƙasa duka na sauraro a rediyo. Mu kuwa da ɓangarorin dambenmu na Arewa da Kudu da Guramada, da tarihin da ya fi ƙarfin lissafi, har yanzu yaro na iya suma a turmi na biyu a yayyafa masa ruwa a ja shi gefe.

Ba komai nasu na yarda da shi ba. Yara ƙanana suna hawa fili don kuɗi, ana caca a kansu, wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Akwai kuma rawar gaisuwa da suke yi kafin wasa, har da kai goshi ƙasa. Na gaya wa malamin addinina bai ba ni wannan ba, ya karɓa ba gardama. Abinci bai zame mini matsala ba, Musulmi suna da yawa a Fuket.

Matasa uku sun riga sun tambaye ni hanyar zuwa. Na ce wanda ke da hali ya je, amma ya fara gudu wata shida a nan, kada ya ci bashi. Ni dai na dawo da robar baki goma sha biyu da sikeli ɗaya. Kawu ya yarda zai raka ni wurin Sarkin Dambe ranar Juma'a bayan la'asar, ya ce in bar shi ya fara magana.