Dodanni Goma a Agogo Ɗaya

Bayan isha'i Bakano ya dire wani kwali a kan bencin mai shayi, ya zaro agogon roba baƙi da kore, ya danna shi ya kawo wuta. Bazazzagi yana gefe yana fifita shayi, Basakkwace yana jan carbi, Auta yaron mai shayi kuma yana wanke kofuna.

BAKANO: Jama'a, na saro kayan da ban san kansu ba. Yara sun ishe ni a shago, kowa ya leƙo sai "Alhaji, akwai Ben 10?" Na ga abin yana tafiya, na kwaso dozin ashirin. To ɗan kasuwa ba ya tallar hajar da bai san kirarinta ba. Wa zai warware mini?

BAZAZZAGI: Ka zo gidan ilimi, bawana. Mu a Zariya yaro kafin ya yi haƙori ya san wannan. Ben 10 wani Bature ne mai 'ya'ya goma.

AUTA: Baba, yaro ne fa. Shekararsa goma.

BAZAZZAGI: Abin da na faɗa ke nan. Goma dai.

AUTA: Katun ne. Sunansa Ben Tennyson. Sun fita yawon hutun makaranta da kakansa Max da 'yar baffansa Gwen a wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki. Da dare wani abu ya faɗo daga sama, ya je dubawa, agogo ya yi tsalle ya maƙale masa a hannu, ya ƙi cirewa. Omnitrix sunansa. In ya murɗa ya buga, sai ya rikiɗe ya koma halittar wata duniya. Guda goma ne da farko.

BASAKKWACE: Innalillahi! Wanga ba agogo na ba, tsahi na. Alhaji, mai da kayanga inda ka ɗauko su.

BAKANO: Tsaya tukuna, Malam. Tsintuwa ya yi, ya kai cigiya?

AUTA: Ai daga baya aka gano kakan aka aiko wa. Jikokin sun ɗauka tsohon mai gyaran famfo ne, ashe ya daɗe yana yaƙi da irin waɗannan halittu a ɓoye.

BAKANO: Kayan kaka a hannun jika, mai shi yana raye. An ci gado tun kafin a yi wanka.

Bazazzagi ya lallaɓa ya duba wayarsa a ƙarƙashin tebur, sannan ya gyara murya, shi a dole daga ka yake faɗa.

BAZAZZAGI: A ƙarshen 2005 aka fara nuna shi a tashar Cartoon Network ta Amurka. Wasu mutum huɗu da ke kiran kansu Man of Action suka ƙirƙiro shi.

BAKANO: 2005? Wallahi an sayar mini da kwantai! Tun lokacin yake shekara goma?

AUTA: A'a Alhaji. A 2008 ya kai sha biyar, ya ƙara gaba kaɗan. Sai a 2016 aka sake labarin daga farko, aka dawo da shi goma.

BAKANO: Ashe can ma ana zuwa kotu a rage shekaru. To jero mini dodannin, in ji wanda zai yi kasuwa.

AUTA: Na farko Heatblast. Jikinsa garwashi ne, kansa yana ci da wuta. Ranar da Ben ya fara zama shi, tsabar ruɗewa ya cinna wa daji gobara.

BASAKKWACE: Ka jiya ko? Tun ba a mutu ba yaro ya zama ɗan wuta.

AUTA: Amma ba ya son ruwa. Akwai ranar da Ben ya kamu da mura, da ya koma Heatblast sai wutar ta zama shuɗiya, ƙanƙara yake fesowa.

BAKANO: Ƙanƙara? Kai Auta, ka san nawa ake sayar da ƙanƙara a Kano in azumi ya faɗo cikin zafi? Wannan kada wanda ya ba shi magani. A bar shi da murarsa, ni zan riƙa sayen hankici.

AUTA: Sai Four Arms. Ja ne, ƙato, hannu huɗu, ido huɗu. Yana ɗaga mota ya yi jifa da ita.

BAKANO: Shi ke nan, na yi ɗan dako. Buhu huɗu a sawu ɗaya daga Dawanau, kuɗin mutum ɗaya.

MAI SHAYI: Ka manta da hannu huɗu zai ci tuwo.

BAKANO: To a bar maganar tukuna.

BASAKKWACE: Ni abin da ad dame ni alwala tai. Hannu huɗu, kowane sau uku. Kahin shi gama liman ya sallame.

BAZAZZAGI: Ku ba ku fahimci tsarin ba. A irin waɗannan katun, duk wanda aka ba ƙwanji an hana shi lissafi. In ka ga ƙato, to ƙofa a buɗe take amma ta bango zai shiga. Mai wayon kuma kullum ɗan mitsitsi ne, a tafin hannu za ka ɗauke shi. Ƙarya nake, Auta?

AUTA: Yau kam ka faɗi daidai, Baba. Grey Matter ke nan. Toka-toka ne, idanu ƙwala-ƙwala, bai kai taƙi ɗaya ba, amma duk injin da ya kalla ya san cikinsa. Azmuth da ya ƙera agogon ma ɗan ƙabilarsu ne, Galvan.

BAZAZZAGI: Ka bincika da kyau, asalinsu Zazzau ne.

BAKANO: Ta wajen tsawon, na yarda.

AUTA: Akwai XLR8 mai ƙafar taya, kafin ka ƙifta ido ya ɓace. Akwai Diamondhead, jikinsa duk lu'ulu'u.

BAKANO: Yana karyewa?

AUTA: Yana harba gutsattsarinsa, wasu su sake tsirowa.

BAKANO: Yana harbawa. A ƙasa. Kuma mutanen garin gudu suke yi, ba mai tsugunawa ya tsince. Allah ya ba wasu dama ba su san ta ba.

AUTA: Sai Stinkfly, ƙwaro mai tashi sama, wari gare shi. Sai Upgrade mai narkewa ya shige cikin inji. Sai Ripjaws, kifi ne, in ya daɗe a tudu numfashi yake gagararsa. Sai Wildmutt, ba shi da ido, da sansana yake gane hanya, kuma ba ya magana sai gurnani.

BASAKKWACE: Dakata. Shi ɗai na ba ya magana? Sauran da wane harshe su ka yi?

AUTA: Turanci.

BASAKKWACE: Halitta ta taso daga bayan taurari, ba ta yi firamare ba, taz zo tana Turanci. Kuma duk wanda yat taso Amurka za shi. Ba wanda yab ɓace hanya ko sau guda yas sauka Illela?

BAZAZZAGI: Da dare suke zuwa, Malam. Daga sama inda suka hango wuta nan suke sauka.

Aka yi shiru, kowa ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarkin da ke rataye a rumfar, wanda yanar gizo-gizo ta gama naɗewa.

BAKANO: To ni duk na ji. Yaro da runduna irin wannan a hannu, ai kafin a kawo talla ya gama da kowa.

AUTA: Ina! Agogon ba ya jin magana. Ya nemi mai hannu huɗu, sai ya ba shi ɗan mitsitsin nan. Ya nemi mai gudu, ya ba shi kifi a kan tudu. Kuma kamar minti goma yake yi. Ana tsakiyar dambe da Vilgax, babban abokin gabarsa mai gemun igiyoyi, sai ka ji yana ƙara, ya koma ja, Ben ya dawo yaro da 'yar rigarsa a gaban dodo.

BAKANO: Kai Bazazzagi, ɗan garinkun nan mai basira shi ya ƙera wannan?

AUTA: Shi cewa ya yi laifin Ben ne, da ƙarfi yake dukan agogon.

BAKANO: Allahu akbar! Na janye maganata, wannan Bakano ne. "Lafiya lau na ba ka, a hannunka ya lalace." Kaya in ya fita ba ya dawowa.

MAI SHAYI: Ni fa kullum ina jin sautinsa in Auta ya kunna a waya, kuma na daɗe da gano su. Da agogon yana aiki daidai, da labarin bai kai tafasar butar nan ba. Dole a ba kowane dodo ƙarfi ɗaya da aibi ɗaya. Mai wuta a haɗa shi da ruwa, kifi a jefa shi tudu, ƙato a sa shi a ɗaki mai ƙaramar ƙofa. Ba ƙarfin yaran ke zaman kallo ba, yadda zai fita da abin da bai nema ba suke jira.

BAZAZZAGI: Kuma duk sabon dodo sabon abin wasa ne. Kamfanin Bandai ya yi shekaru yana ƙera su. An fara da goma, daga baya aka ce samfurin halittun da ke cikin agogon ya haura miliyan.

BAKANO: Miliyan? Wato ni da dozin ashirin ɗina ko bakin kasuwar ban shiga ba.

BASAKKWACE: Kun ƙirga tara. Ina na goma? Yaro, mi ka ka ɓoyewa?

AUTA: Ghostfreak ne, Malam. Fatalwa mai ido ɗaya, yana ratsa bango, yana shiga jikin mutum ya juya shi. Ben ma tsoronsa yake ji. Ashe da hankalinsa a cikin agogon, rannan ya ɓalle ya fito, ya ce jikin Ben yake so.

BASAKKWACE: Na hwaɗa muku! Tun da hwarko na hwaɗa muku! Aljani na. Wa yay yi mai ruƙiyya?

AUTA: Hasken rana ne ya ƙone shi.

BASAKKWACE: Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Shi zo Sakkwato cikin watan huɗu, ko tasha ba ya hita.

BAZAZZAGI: Wannan ma doka ce. A kowace runduna sai an saka guda mai baƙin ciki da muryar raɗa, wanda tun ranar farko kowa ya san zai ci amana, ban da mai agogon.

AUTA: Akwai wanda zai ba ku dariya a na baya, Rath. Damisa ce mai tafiya da ƙafa biyu. Ba ya magana sai da ihu. Kafin ya doke ka sai ya nuna ka da yatsa, ya ce bari ya gaya maka wani abu, ya kira cikakken sunanka da muƙaminka. Ko dutse ne ya tare masa hanya sai ya yi masa faɗa.

BAKANO: Wannan na san shi, a tashar mota yake lodi. Amma gaya mini, wa ya fi kowa ƙarfi? Shi zan rubuta a kwali in ƙara masa kuɗi.

AUTA: Alien X. Baƙi ne wuluk, taurari a jikinsa. Abin da ya ƙudurta shi ke faruwa. Akwai lokacin da aka shafe duniya da sammai gaba ɗaya, shi ya sake gina su.

BASAKKWACE: A'uzu billahi! Yaro, tuba.

AUTA: Katun ne, Malam. Kuma lemon inabin da Ben ke sha ma bai dawo da ɗanɗanonsa daidai ba.

MAI SHAYI: Haɗi ba wasa ba ne.

BAKANO: To me ya hana shi zama wannan kullum, kowa ya huta?

AUTA: Mutum biyu ne zaune a cikin kansa. Serena mai tausayi, da Bellicus mai fushi. Ben ne na uku. Ko yatsa ba zai ɗaga ba sai an kawo ƙuduri an samu rinjaye. Ranar farko ya gyara dam da ya fashe, daga nan ya sandare a tsaye. Ana ta yaƙi a waje, su suna ciki suna musu a kan ko a ceci manyan ƙadangarun nan da suka ƙare shekaru miliyoyi da suka wuce. Sai ɗaukarsa aka yi aka saka a mota.

BAZAZZAGI: Kwamiti ke nan. Mai iko duka, amma takarda tana kan tebur.

Mai shayi ya kashe risho, ya goge hannu da tsumma.

MAI SHAYI: To madalla. Alhaji, shayi uku da kauri, biredi biyu, ƙwai huɗu. Kai ka ce a ba kowa.

Bakano ya miƙe tsaye, ya sandare, ido a sama, hannu a nesa da aljihu.

MAI SHAYI: Alhaji?

BAKANO: Ana zama a ciki. Mai tausayin ta ce a biya, mai fushin ya ce Bazazzagi ne ya ci ƙwai uku. Ni kuma na ƙaurace wa ƙuri'a.

BAZAZZAGI: Biyu na ci!

BASAKKWACE: Ni ruwan zahi kawai nis sha, kowa ya gani.

Mai shayi ya naɗe hannun riga, ya zagayo teburin da ludayi a hannu, ya nuna Bakano da yatsa.

MAI SHAYI: Bari in gaya maka wani abu, Alhaji Bakano, mai shago na uku a layin 'yan roba, mai bashin shayi tun ƙaramar salla...

AUTA: Alhaji, gudu! Rath ne!