An raba gadon zobona ina raye

Ruwa ya zauna sosai a watan Yuli, na sayo gurguzu, wato ƙwayar yakuwa mai ba da zobo, na jiƙa ya kwana, wanda ya taso saman ruwa na zubar don fanko ne. Na ja kunya a kangon da ke jikin gidanmu, saboda yakuwa ba ta son ruwa ya kwanta mata, saiwar ruɓewa take. Zurfin rami gaɓar yatsa, ƙwaya uku a ciki, tsakanin rami da rami taki guda. Kafin mako ta tsiro. Da ta kai tsawon tafin hannu na tsuge, na bar biyu-biyu.

Ganye na yin kore sai ga Iya maƙwabciyarmu da faranti. "Ɗan nan, 'yar yakuwar fate zan tsinka." Na ce bismillah Iya, amma kan tsiron za ki tsinke, shi ke sa ta yi rassa, kuma yawan rassa shi ne yawan zobo. Iya ta ce to. Kashegari ta dawo da jikoki uku da kwando. Abin da suka rage akuyarta ta shigo da yamma ta ƙarasa, da alama ita ba a yi mata bayanin rassa ba.

Na kewaye da ƙaya, ta farfaɗo, ta wuce ƙuguna, amma babu fure. Ƙanin matata ya duba ya ce, "Yaya, namiji ka shuka." Yakuwa dai ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kuma in kashin kaji ya yi mata yawa ganye kawai za ta yi ta fitarwa. Furen yini ɗaya yake yi ya faɗi. Jan ƙoƙon da ya bari shi ne zobon, a ba shi mako biyu zuwa uku ya yi kauri kafin a yanka.

Wajen ɓarewa aka sha kallo. Ƙwallon irin da ke ciki yana da gashi mai ƙaiƙayi, ga hannu ya rine jawur. Na je masallaci ina susa, wani dattijo ya kalli tafina ya ce, "Malam, ashe amarya aka yi ba a gaya mana ba?"

Na shanya a tabarma, ba a ƙasa ba saboda yashi, ina juyawa kar ya yi funfuna. Buhu guda na baza, da ya bushe ƙarau bai cika kwano biyu ba. Ɗanyen zobo kusan duk ruwa ne, kashi goma da kyar ya bar ɗaya, amma sai da na tsare uwargida da tambaya ko wani ya ɗiba. Ta ce in je Maigatari in tambayi dillalai, tunda su ne ke loda shi zuwa Meziko.

Gurguzun kuwa Iya ta aiko aka kwashe, za ta yi daddawar batso. Yaron ya ce ta ce a gaishe ni, kuma baɗi in shuka farar, ta fi daɗin miya.