Shekaru kaɗai ba hujja ba ce ta hana tsoho aikin jijiyar zuciya

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, likita kan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko ta matsematsi, ya buɗa wurin da ɗan balan-balan, ya bar 'yar raga ta ƙarfe ta tokare jijiyar. Tun 1986 ake wannan aiki. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke shawara idan majinyaci ya haura shekara 80. Wani ya ce ai ya tsufa, a bar shi da magani. Wani kuma ya nace sai an yi, kamar ragar za ta dawo masa da ƙuruciya.

A 2016 an fitar da sakamakon wani bincike a Norwe kan majinyata 457 masu shekara 80 zuwa sama. Waɗanda aka duba jijiyoyinsu aka buɗa inda ya kamata ba su kai waɗanda aka bari da magani kaɗai yawan sake bugun zuciya da buƙatar buɗa jijiya cikin gaggawa ba. Sai a 2024 wani bincike mafi girma a Birtaniya, kan mutum 1,518 masu shekara 75 zuwa sama da suka yi bugun zuciya irin wanda jijiya ba ta toshe ɗungurungum ba, ya nuna aikin bai rage mace-mace ba. Sake bugun zuciya dai ya ragu, matsalolin lokacin aikin kuma ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Haɗarin ya fi yawa bayan an fito. Dole a sha asfirin da wani maganin hana daskarewar jini na tsawon watanni, kuma tsoho mai yawan faɗuwa ko mai gyambon ciki na iya zubar da jini. Ruwan da ake zubawa a jijiya don ɗaukar hoto yana wahalar da ƙodar da ta riga ta gaji.

Shi ya sa nake ganin ƙarfin jiki ya kamata a auna. Mai shekara 85 da ke yawo da ƙafarsa, hankalinsa garau, ba ɗaya yake da wanda ya shekara kwance ba. Kuma a tambayi mai jikin. Sau da yawa 'ya'ya da likita ke gama magana a bakin ƙofa, alhali da an tambaye shi, mai yiwuwa abin da yake so kawai ciwon ƙirjin ya bar shi ya yi barci.